Yadda muka dasa giyabos ɗin Ford Sierra a cikin tsohuwar MGB a Kaduna

Motar MGB ce ƙirar 1969, mai kujera biyu da rufin tamfol, irin wadda aka riƙa ƙerawa a garin Abingdon na Ingila daga 1962 har aka rufe masana'antar a 1980. An yi sama da 500,000, mafi yawa Amurka suka nufa, 'yan tsiraru suka faɗo ƙasashe irin namu a hannun Turawan masaƙu da na bankuna. Tawa daga wurin kawuna na gaje ta, shi kuma a hannun wani Bature mai aiki a Kakuri ya saye ta, zamanin da masaƙu ke tashe. Da sitiyari a dama ta shigo ƙasar, sai bayan da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972 aka mayar mata da shi hagu.

Injinta ba shi da laifi. Silinda huɗu ne, 1,798 cc, kafireto biyu na SU, ƙarfin doki 95 a takarda. Inda gizo ke saƙar shi ne giya. Guda huɗu ce kawai, ta huɗun kuma kai tsaye take, yadda inji ya juya haka farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ke juyawa, sannan aksul ɗin baya 3.9 ne. Ma'ana sai inji ya juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. A cikin gari, daga Unguwar Rimi zuwa Ahmadu Bello Way, ba ka jin komai sai daɗi. Amma ka haye gadar Kawo ka miƙi hanyar Zariya, ka ɗora ta a kan kilomita 100 a awa, allurar juyin inji za ta tsaya wajen 3,400 zuwa 3,500 ta ƙi sauka. Kilomita 80 ɗin nan haka za ka yi su cikin ƙugi, ba ka jin maganar wanda ke gefenka, a watan Afrilu kuma ido ɗaya na kan titi ɗaya na kan allurar zafi. Hannunka kuwa sai ya riƙa kai kansa neman giyar da babu ita.

Da na ci gaba da haƙuri da hakan, don shekara da shekaru kawu ya yi yana haƙuri. Abin da ya tunzura ni shi ne giya ta biyu ta fara ƙara idan za a shiga, ta uku kuma tana fitar da kanta da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. A MGB ba a cire giyabos shi kaɗai. Akwai gadar ƙarfe da aka yi wa walda a jikin bodin, ta tare hanya ta ƙasa, don haka dole inji da giyabos su fito tare ta sama. Bakaniken da ke duba mini ita, dattijo ne da ya yi aiki a masana'antar Peugeot ta Kakuri tun farkon buɗe ta a shekarun 1970, kowa Baba yake ce masa, ya dube ni ya ce, “Alhaji, tunda dai sai an ciro injin nan, ka yanke shawara yanzu. Ba na son in ciro shi sau biyu.”

Hanya ta farko da kowa zai fara tunani ita ce obadirayib na asali. Kamfanin MG ya riƙa sayar da shi a matsayin ƙari tun 1963, na'ura ce ta Laycock da ake liƙawa a bayan giyabos, ana kunna ta da ɗan makunni, tana aiki da lantarki da matsin mai. A ƙirar shekarar motata yana rage juyin inji zuwa 0.82, wato kashi 82 cikin 100 na yadda yake a giya ta huɗu. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai ba a ɗaura shi a kan giyabos ɗin da ba a yi shi da shi ba sai an canja babban shaf na ciki, wato sai ka nemo giyabos sukutum daga Ingila, wanda ya haura shekara 40, ka biya da fam, ka yi addu'ar ya iso da rai. In kuma ya fara zamewa wata rana, wa zai buɗe maka shi a garin nan?

Na biyun shi ne wanda masu tsofaffin motocin Ingila suka daɗe suna yi: giyabos ɗin Ford da ake kira Type 9. Ya fito a 1982 tare da Sierra, shi ne na farko mai giya biyar da Ford ta Turai ta sa wa motocinta masu jan baya, an kuma sa shi a Capri da Granada. A gaskiya tsohon mai giya huɗu ne na Cortina aka ƙara wa ta biyar a cikin wutsiya. Abu biyu ne suka sa ya dace. Siriri ne, yana shiga ramin MGB ba tare da an yanka bodi ba, balle ƙirar bayan 1967 da aka faɗaɗa wa ramin. Sannan belhausin ɗinsa, wato ƙoƙon nan da ke rufe fulawil da kuloci, da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ana kwance shi a sa wani. Giyarsa ta biyar kuma 0.82 ce, daidai da abin da obadirayib ke bayarwa.

Neman sa ya ɗan ja lokaci. Sierra ta shigo ƙasar nan da yawa cikin motocin Beljiyam a shekarun 1990, amma yawancinsu tuni 'yan gwangwan suka auna su a sikeli. Na zaga wurin 'yan sifiya, na bar sallahu, daga ƙarshe ta hanyar wani dillali da ke da ɗan'uwa a Ladipo ta Legas aka fara turo mini hotuna. A nan mai son yin wannan aiki ya buɗe ido, don ba duk giyabos ɗin Sierra ne Type 9 ba. Daga wajen 1989 wasu Sierra sun koma wani da ake kira MT75, wanda gaba ɗayansa alminiyon ne, belhausin ɗinsa kuma a haɗe yake da jiki, ba ya kwantuwa. Hoton farko da aka turo mini shi ne, mai kayan yana rantsuwa cewa duk ɗaya ne. Type 9 na gaskiya jikinsa na tsakiya baƙin ƙarfen zubi ne, da murfin faranti a sama, wutsiyar ce kawai ta alminiyon. Ka sa maganaɗisu a tsakiyar, in ya kama to kana kan hanya. Ko a cikinsu ma akwai iri-iri: na inji mai silinda huɗu shaf ɗinsa na gaba gajere ne, na V6 dogo ne kuma lissafin giyarsa daban, akwai kuma na dizal mai 2.3, wanda abin mamaki injin Peugeot ne Ford ta saya ta sa a ciki. Baba ya yi dariya da ya ji haka, ya ce ashe dangi ne. Mu na silinda huɗu muka ɗauka.

Da ya iso ba mu yarda da shi haka nan ba. Baba ya buɗe murfin sama, ya zubar da baƙin man da ke ciki a cikin faranti yana murza shi da yatsa ko zai ji ɓurɓushin ƙarfe. Haƙoran lafiya lau. Muka canja boris na gaba, da zoben sinkuro na giya ta biyu, da oyil-sil gaba da baya, da ɗan robar nan da ke zaune a ƙarƙashin sandar giya, wanda in ya cinye sai sandar ta riƙa lilo tana kaɗawa. Sai wani abin haushi na wannan giyabos: Ford ba ta yi masa ƙofar zubar da mai ba sam, ta cikawa kawai gare shi a gefen hagu. Tunda yana ƙasa a buɗe, muka huda gindinsa, aka yi zare, aka sa noti mai maganaɗisu. Wanda bai yi haka tun yana ƙasa ba, ranar canjin mai sai dai ya zuƙe da tiyo.

Duk wannan sharar fage ce. Ainihin aikin yana wurin haɗa bakin injin MG da bakin giyabos ɗin Ford. A Ingila akwai masu zuba belhausin na musamman don wannan, su haɗa maka da farfela da sauran tarkace a kwali ɗaya. Na duba kuɗin, na lissafa da na jirgi da na kwastan a farashin fam na yau, na rufe wayar. Abin da ya cece ni shi ne kawu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya yar da ƙarfe. A bayan gida akwai wani mataccen giyabos na MGB da ya ajiye, wutsiyarsa a fashe, amma gabansa garau. Shi na MG belhausin ɗinsa da jikinsa zubi ɗaya ne na alminiyon. Dabarar ita ce a yanke ƙoƙon daga jikin, a yi masa walda da faranti mai kauri a baya, a huda farantin daidai da fuskar Ford. In an yi haka, kik yana nan a mazauninsa, kulocin ƙasa yana nan inda yake, duk kusoshin da ke kama bayan inji ba a taɓa su ba.

Muka ɗauke shi a bayan Keke Napep zuwa Panteka ta Tudun Wada. Wanda bai san Panteka ba zai ɗauka tukwane da murhu da injin markaɗe kawai ake yi a wurin, alhali a cikin lungunan akwai masu injin tana, wato injin sassaƙa ƙarfe, da za su fitar maka da abin da ka kawo hotonsa. Yaron Baba ya riga ya ɗauko zarto yana neman inda zai fara, sai mai tanar, wani siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare, ya daka masa tsawa. “Kai, ajiye! Baba, kada a yanka komai sai na ɗauki tsakiya. In kuka yanke, tsakiyar ta tafi ke nan, sai dai mu yi ta lalube.”

Maganarsa ita ce duk sirrin aikin, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Shaf ɗin gaba na giyabos ba a rataye yake a iska ba. Gindinsa na zaune a cikin boris a jikin giyabos, hancinsa kuma na shiga cikin wani ɗan bushin a tsakiyar karanshaf. Dole waɗannan wurare biyu su kasance a kan layi ɗaya. Abin da masu wannan sana'a suka saba bi shi ne kada kaucewar ta wuce inci 0.005, wato wajen milimita 0.13, kaurin takarda ɗaya da ɗan ɗoriya. In ta wuce, motar za ta tashi, za ta yi tafiya, har ka yi murna ka biya kowa. Bayan 'yan watanni bushin ya cinye, boris ya fara kuka, giya ta huɗu ta fara fita da kanta, filet ɗin kuloci ya tsage ta tsakiya, kai kuma ka riƙa zagin giyabos ɗin da bai ci ba bai sha ba. To a jikin tsohon ƙoƙon akwai ramin boris na asali, wanda Turawan da suka yi shi suka riga suka daidaita da karanshaf. Shi ne shaidar tsakiyar. Mai tanar ya samo faranti na ƙarfe mai kauri, ya kwafe ramukan kusoshin bayan injin a kai, ya ɗaure ƙoƙon, ya ɗora duka a kan babban injinsa, ya yi ta bugu kaɗan-kaɗan da gudumar roba yana kallon agogon awo har allurar ta daina motsi a cikin ramin boris ɗin. Sannan ya huda, ya kafa fil biyu da za su riƙe ƙoƙon a wannan mazauni ko da an cire an mayar. Bayan nan ne ya ce wa yaron, “To, yanzu yanka.”

Zurfin wurin yankan ma da lissafinsa. Mun auna daga bayan inji zuwa filet, daga filet zuwa bakin karanshaf, muka auna shaf ɗin Ford daga fuskar giyabos zuwa inda haƙoransa suka fara da inda hancinsa ya ƙare. Ana son haƙoran su ratsa filet gaba ɗaya, hancin ya shiga bushin sosai, amma a bar masa kamar milimita 2 zuwa 3 kada ya tokari gindin ramin. In ya tokara, duk lokacin da aka ɗaure kusoshi karanshaf ake turawa gaba, wannan kuwa injin ne zai biya.

Waldar alminiyon sai mai walda da iskar agon. Tsohon zubi da ya sha baƙin mai shekara 50 ba ya karɓar walda da daɗi, man na fitowa daga cikin ƙarfen yana tafasa. Mai waldar ya wanke shi da fetur, ya gasa shi a hankali har ya daina hayaƙi, sannan ya riƙa ɗinki kaɗan nan kaɗan can yana tsallakawa ɗaya gefen don kada zafi ya taru wuri guda. Duk da haka farantin ya ɗan murɗe, kuma dama an san zai murɗe, shi ya sa aka sa mai kauri fiye da buƙata. Aka bar shi ya huce da kansa cikin toka, aka mayar da shi kan fil ɗin nan biyu a wurin mai tana. A nan ne ya share fuskar ta kwanta daidai da ta gaba, ya buɗe ramin tsakiya gwargwadon murfin gaban Ford, ya huda ramuka huɗu na kusoshi. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sharar, muka zauna a benci muna cin gyaɗa, shi kuwa ko taɓa injin bai bari an yi ba har ta dawo.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane a nan. A fuskar Type 9, sandar da ke zaɓen giya tana leƙowa waje idan an shiga wasu giyoyin, kuma a belhausin na Ford an yi mata ɗan rami rufaffe da take shiga. In ka liƙa faranti sumul babu wannan rami, giyoyin nan ba za su shiga ba. In kuma ka huda ramin ya zarce, mai zai riƙa tsiyaya kan kuloci. Baba ya lura da shi tun ranar da muka kwance na Ford ɗin, ya sa alli ya zagaye wurin. Aka yi ramin, aka toshe bayansa, aka yanka gasket na takarda aka shafa gam.

Gwajin gaskiya a gareji aka yi shi. Muka ɗaure ƙoƙon a bayan injin, aka manna agogon awo a jikin fulawil da harshensa a cikin sabon ramin, yaro na juya karanshaf da sifana ta gaba a hankali, mu uku mun sunkuya muna kallon allura. Ta ɗan gusa, ta dawo, ba ta kai iyakar da aka ɗiba ba. Baba ya miƙe yana riƙe da ƙugu ya ce, “Alhaji, ka koma ka ƙara wa mutumin nan kuɗi.” Na koma na ƙara.

Sauran na kuloci bai ba mu wuya sosai ba. Mun ƙirga haƙoran shaf ɗin Ford, 23 ne a kan kaurin inci ɗaya, filet ɗin MG ya zura a kai kamar don shi aka yi, don haka kulocin MG muka bari, sabo dai muka sa. Bushin ne dole a sake, saboda hancin Ford milimita 15 ne. Tsohon ya ƙi fita, sai Baba ya aiki yaro ya sayo burodi. Ya cusa shi a ramin, ya samo ƙarfe mai kaurin ramin daidai ya riƙa dokawa, yana ƙara burodi yana dokawa, sai ga bushin yana fitowa da kansa, burodin ya turo shi ta baya. Mai tana ya fitar da sabo na tagulla, muka jiƙa shi a baƙin mai ya kwana kafin a buga shi. Cokalin da ke tura kuloci kuwa, a MG a jikin murfin gaban giyabos yake rataye, murfin kuma ya tafi da tsohon jiki, don haka sai da aka ƙera masa sabon maƙali a kan farantin, a tsayin da na asalin yake. Abin da ke danna kulocin MG ba boris mai juyawa ba ne, zoben gawayi ne da ke tafiya a lanƙwashe, sai bututun da ke gaban Ford ya tare masa hanya, muka rage bututun. Mai irin wannan mota ya riƙe: zoben gawayin nan ba ya son a ɗora ƙafa a kan kuloci a cikin gosulo. Ka sa firi ka sauke ƙafarka.

Ranar mayarwa, da cen-bulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi, aka rataye inji da giyabos a haɗe, hanci sama wutsiya ƙasa, aka ɗaga bayan motar don a samu kwana. Wutsiyar Ford ta haye gadar nan ta bodi da ƙyar, tsakaninsu bai fi a zura yatsa ba. Gadar da ake kwancewa, wadda ke ɗauke da giyabos, ita muka gyara: aka yi mata sabon faranti aka ɗora robar mazauni guda ɗaya a tsakiya. Kafin a yi walda sai da muka sa ma'aunin kwana a kan injin muka tabbatar ya kwanta yadda yake a da, don in wutsiya ta yi sama ko ƙasa da yawa, kuros ɗin farfela, wato gaɓar da take lanƙwasawa, ne zai sha wahala, fanka kuma ta kusanci lagireto. Sandar giya ta fito baya kaɗan da ramin asali. Maimakon a yanka bodi, aka lanƙwasa sandar aka kawo kanta inda hannu ya saba, aka mayar da ƙwallon MG a kai. Wanda ya leƙa ciki ba zai ce an taɓa komai ba.

Farfela sabuwa aka haɗa. Ta MG da faranti mai kusoshi huɗu take kama giyabos, shi kuwa Ford kan farfelar ne ke zurawa cikin wutsiyarsa yana shiga yana fita. Ta Sierra ba ta yi mana ba, gaɓa biyu ce kuma da roba a gaba, sai muka samo kan farfelar wata tsohuwar Cortina mai kuros, ya shiga daidai. Awon tsawon sai mota na tsaye a kan tayoyinta, ba a kan jak ba, don aksul na sauka in an ɗaga ta, awon ya yi ƙarya. Aka tura kan har ƙarshe, aka jawo shi baya kamar milimita 20, aka auna daga nan. Wajen walda kuma kunnuwan kuros na gaba da na baya dole su kalli gefe ɗaya. Wanda ya fara haɗa mana ya saɓa su kaɗan, ya ce ba komai, Baba ya sa aka yanke aka sake a gabansa. Da muka gwada a titi akwai 'yar karkarwa wajen kilomita 90. Aka ɗaura zoben matse tiyo guda biyu a jikin farfelar, ana juya kawunansu kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har aka dace da inda ta lafa, sannan aka auna nauyinsu aka liƙa ɗan ƙarfe a wurin.

Batun mai, a kula. Giyabos ɗin MG baƙin man inji yake sha, 20W-50, abin da ke ba yaran gareji mamaki kullum. Na Ford man giya yake so, 75W-90 mai lambar GL-4, kusan lita 2. Kada a bari a ɗura masa mai kaurin nan da ake zuba wa aksul ɗin manyan motoci. Da sanyin safiya a watan Janairu, lokacin hunturu, giya ta biyu ba za ta shiga ba sai ka yi kokawa da ita. Wayar fitilar ribas aka ƙara wa tsawo aka kai ta sabon makunni, aka yi sabuwar wayar maleji mai kan MG a sama da kan Ford a ƙasa.

Gwajin farko bayan sallar asuba muka fita, kafin tireloli su cika hanya. A cikin gari abin da na fara lura da shi ba mai daɗi ba ne, kuma gara in faɗe shi. Giya ta ɗaya ta Ford 3.65 ce, ta MG 3.44, wato ta fi gajarta, kafin ka ankara ta ƙare. Ta biyu kuma 1.97 ce a maimakon 2.17, ta fi tsawo. Tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe ke nan. In ka canja a kan juyi 4,000, a da allura na sauka wajen 2,500, yanzu sai ta faɗo kusa da 2,150, ka ji motar ta ɗan yi nauyi kafin ta farfaɗo. Masu neman na V6 saboda wannan suke nemansa, don ta ɗayansa 3.36 ce. Ta uku kusan ɗaya suke, 1.37 da 1.38, ta huɗu kuma kai tsaye ce a duka biyun. Sai ribas: a MG hagu ne a ja baya, a Ford sai an danna sandar ƙasa a kai hagu a tura gaba, maƙwabciyar giya ta ɗaya. Duk wanda zan ba tuƙin motar sai na nuna masa wannan tukuna, kada ya je danja ya gaishe da na bayansa.

Bayan mun wuce Rigachikun hanya ta buɗe, na kai ta kilomita 100 a ta huɗu, allura na kan 3,450 kamar kullum, na taka kuloci na tura sandar dama da gaba. Ta sauka wajen 2,800. Ƙugin nan ya faɗa, har na ji ƙarar iska a jikin tamfol da wani ɗan kaɗawa a ƙofar hagu da ban taɓa sanin yana nan ba. Baba ya yi magana da muryarsa ta yau da kullum na kuma ji shi. Muka wuce Mararrabar Jos da Birnin Yero har Jaji, allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba. A hawa mai tsawo takan so a dawo da ita ta huɗu, wannan kuwa ba laifi ba ne, ta biyar ba ta ja ba ce, ta hutawa ce. Mai ma ya ragu a doguwar tafiya, ana gani a tanki, ko da yake ba don shi na yi aikin ba, kuma wanda ya ce zai mayar da kuɗinsa daga rarar fetur zai daɗe yana jira.

A Jaji muka tsaya, Baba ya kwanta a ƙasa da tocila yana duba bakin farantin da wutsiya. Babu ɗigo ko ɗaya. Ya ce bayan kilomita 1,000 in dawo a zubar da man a duba maganaɗisun, a sake bin kusoshin farfela da na mazauni.

Wasu abokai masu son tsofaffin motoci sun ce na ɓata asali. Ina jin su, kuma saboda irin maganarsu ne ban bari an yanka ko an huda bodin ba. Giyabos ɗin da aka cire, da farfelarsa da gadarsa ta asali da na samo madadinta kafin a taɓa, suna nan a sito, an cika shi da mai an naɗe da buhu. Mai son mayar da ita yadda ta fito daga Abingdon, aikin kwance kusoshi ne kawai. Abin da ya rage mini yanzu maleji ne. Ƙaramin haƙorin da ke juya wayarsa a cikin wutsiyar Ford an yi shi ne don aksul da tayar Sierra, don haka allurar ba ta faɗin gaskiya, na gwada ta da GPS na waya na ga bambancin. Ford ta yi haƙoran nan kala-kala, kowane da yawan haƙoransa, na ba dillalin nan sallahu ya tattaro mini duk wanda ya gani. Kafin su iso, na manna 'yar farar takarda a gilashin agogon daidai inda 100 ta gaskiya take.